Yadda Muka Bi Layin Gwajin Naman Mahaifar Innarmu

Wannan rubutu na yi shi ne saboda matan karkara da jini yake dawo musu bayan sun daina al'ada, da kuma 'ya'yansu da jinya za ta faɗo a kansu. Mu mutanen wani ƙauye ne tsakanin Ringim da Taura a Jihar Jigawa. Innarmu shekarunta 62, ni ce autarta, kuma ni na riƙe ledar takardunta tun daga asibitin kusa da mu har ƙofar ɗakin tiyata a Kano. Kuɗi sun ba mu wuya, hanya ma ta ba mu, amma abin da ya fi cinye mana lokaci shi ne rashin sanin cewa duk maganin ciwon dajin cikin mahaifa yana rataye ne a kan ɗan naman da ake cirowa a duba a madubin likita. Shi ke faɗin irin ciwon, shi ke faɗin zafinsa, kuma sai takardarsa ta fito likita yake iya cewa ga abin da za a yi.

Inna ta fi shekara 10 da daina al'ada lokacin da abin ya fara. Da fari wani ruwa-ruwa ne mai ɗan ja, ya zo yau, ya ɗauke, sai an manta da shi ya sake ɓullowa. Ba ciwon mara, ba zazzaɓi. Ba ta gaya wa kowa ba, kuma duk wanda ya san iyayenmu na ƙauye ya san ba ƙaramin abu ne zai sa uwa ta yi wa 'yarta zancen jini ba. Salla ce ta fito da maganar. Ta rasa ko ta ci gaba da yi ko ta dakata, sai ta tambayi malamar Islamiyyarsu. Allah Ya saka wa malamar nan da alheri, ta ce mata a shekarunta wannan jinin ciwo ne, ta yi tsarki ta yi sallarta, amma lallai ta je asibiti. Kafin a kai ga asibitin sai da aka bi hanyar da kowa yake bi. Mai kemis ya ce sanyi ne ya haɗa mata ƙwayoyi, maƙwabciya ta kawo jiƙo, wani ya ce basir ne. Inna tana da jiki, tana da suga da hawan jini, don haka duk kasalar da take ji a kansu aka ɗora.

Inda muka fara zuwa wani ƙaramin asibitin kuɗi ne. Aka duba ta, aka ce mahaifa ta tara datti, sai an yi wankin ciki. Muka biya, aka yi, aka rubuta maganin ƙarin jini da na kashe ƙwayoyin cuta, da la'asar muna gida. Abin da aka kankaro daga cikinta na gan shi da idona a wata 'yar tasar ƙarfe, guntayen nama fari-fari haɗe da gudajin jini. Wata ma'aikaciya ta ɗauka ta fita da shi, ba wanda ya yi zancen gwaji. Jinin ya tsaya, muka yi hamdala, Inna ta koma kan awakinta. Bayan girbi ya dawo, ya fi na da yawa. Har yau idan na tuna tasar nan raina yana ɓaci, domin amsar da muka yi watanni muna nema tana cikinta. Wankin ciki saman tsiron yake kwashewa, abin da ya kama bangon mahaifa yana nan yana ci gaba, shi ya sa jinin yake lafawa ya ruɗi mutum.

Karo na biyu sai muka nufi babban asibitin gwamnati inda ake samun likitar mata. Muka yanki kati da sassafe, ba mu shiga ba sai bayan azahar. Likitar ta ce, "Mama, tun yaushe kika daina ganin al'ada?" Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Auta, gaya mata." Da na kai kan wankin ciki sai ta miƙo hannu, "Ina sakamakon gwajin naman?" Na ce ba a ba mu komai ba. Ta ajiye bironta ta yi shiru kaɗan, sannan ta rubuta mana hoton ciki, irin wanda ake zura 'yar na'ura ta gaba. Inna ta ƙi har sai da aka tabbatar mata mace ce za ta yi. Abin da ake aunawa a hoton shi ne kaurin shimfiɗar cikin mahaifa, wato fatar da take kauri duk wata ta zube da jinin al'ada. Macen da ta daina al'ada, idan kaurin bai wuce milimita 4 ba, hankalin likita yakan kwanta. Na Inna 16 ne. Likitar ba ta tsorata mu ba. Ta ce cikin mata 10 da jini ya dawo musu bayan daina al'ada, kusan ɗaya ce ake samu da kansa, wato ciwon daji, sauran galibi bushewar tsufa ce ko wani ɗan tsiro marar illa. Amma cikin masu wannan ciwon, kusan 9 cikin 10 da jini yake fara nuna kansa, don haka ba a yin kirdado, sai an ɗibi nama.

Na gaya mata an taɓa zuwa garinmu an duba wa mata bakin mahaifa, an ce na Inna lafiya lau. Ta ce wancan daban, wannan daban. Sankarar bakin mahaifa, wadda ake yekuwarta a rediyo kuma aka fara yi wa 'yan mata rigakafinta a Najeriya a watan Oktoba na 2023, ƙwayar cutar HPV ce take kawo ta. Wannan kuwa daga can cikin mahaifa take tashi, gwajin baki ba a dogara da shi wajen gano ta, rigakafin ma ba nata ba ne. Ɗibar naman ba ta ɗauki lokaci ba. Wani siririn bututun roba ne, kaurinsa wajen milimita 3, aka zura ta bakin mahaifa aka zuƙo, ba allurar barci, ba kwanciya. Inna ta ce marar ta murɗa mata na ɗan lokaci, shi ke nan.

Asibitin ba su da ɗakin gwajin nama, don haka ni aka miƙa wa kwalbar. A nan nake so mai karatu ya natsu, domin aiki yana lalacewa a wannan gaɓar. Naman a cikin fomalin ake sa shi, wani ruwa fari mai yaji a ido da hanci, kuma ya kamata ruwan ya ninka naman kamar sau 10. Ba a sa shi a ruwan famfo, ba a sa shi a ruwan da ake ƙara wa marar lafiya, ba a kuma sa shi a firiza, domin ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin halittar da ake son gani. Nas ɗin ta rubuta sunan Inna da lambar katinta a jikin kwalbar, ba a kan murfi ba, ta ce murfi yana iya musanyuwa. Sai fom, wanda likita take cikawa da shekarun marar lafiya, da inda aka ɗebo naman, da ranar da aka ɗebo, da abin da take zato, da lambar wayarta. Kada a yarda a bar asibiti da fom rabi a cike. Na naɗe kwalbar a leda biyu, na tsayar da ita cikin jakata a kan cinya tun daga Ringim har tashar Yankaba, daga nan adaidaita sahu ya kai ni asibitin koyarwa.

Sashen da ake nema sunansa histofatoloji, kuma ba shi ne ɗakin gwajin jini da fitsari ba. Mutane da yawa suna ɓata safiyarsu a layin jini kafin a ce musu ba nan ba ne. Ana fara kai fom a rubuta kuɗi, a je a biya, a dawo da rasit, sannan a karɓi kwalba a ba ka wata lamba haɗe da shekara. Wannan lamba ita ce komai, da ita ake neman sakamako, da ita kuma za a nemo naman ko bayan shekaru. An ce mini in dawo bayan sati biyu, amma ya wuce haka. Wanda yake zuwa daga nesa ya karɓi lambar wayar teburin karɓar kaya, ya kira kafin ya hau mota. Wata rana da na ƙosa na tambayi wani ma'aikacin wurin me ake yi da ɗan naman da bai cika cokali ba har ake wannan jinkiri. Bai ji haushi ba, ya yi mini bayani. Bayan fomalin ya kama naman don kada ya ruɓe, sai a tsane ruwan jikinsa da sinadarai, a zuba shi cikin narkakken kaki ya daskare. Wata na'ura ce take yanka shi siriri ƙwarai, wajen maikiron 4, alhali milimita ɗaya maikiron 1,000 ce. A ɗora a kan gilashi, a rina da rini iri biyu, ɗaya ya mai da cibiyar kowace ƙwayar halitta shuɗiya, ɗayan ya mai da sauran jikinta ruwan hoda. Bayan duk wannan ne babban likitan gwajin nama zai zauna ya duba ya sa hannu, su kuwa ba su da yawa, ga kwalabe suna zuwa musu daga jihohi da dama.

Ranar da na karɓo ambulan, a bakin ƙofa na buɗe. Layi uku ne masu muhimmanci, na gane kalmar kansa, na ga wani dogon suna, endometiriyoyid, sannan na ga an rubuta FIGO da G2. Na ɗauki hotonta na tura wa Yayanmu. Kafin in iso gida ya bincika a waya, ya gaya wa dangi ciwon yana mataki na biyu, wato ya sauko har bakin mahaifa. Na tarar da gida cike da mata, ana ta salati, Inna tana zaune a kan tabarma tana ba su haƙuri ita da ciwon yake jikinta. Daren nan ba wanda ya runtsa. Muka zauna da wannan fahimta har ranar da aka ba mu ta ganin likitan kansar mata a Kano, wanda rana ɗaya yake zama a sati.

Shi ne ya warware mana. Ya juya bayan wata takarda ya ce, "Hajiya, tambayoyi uku ne, kada ku cakuɗa su. Wane iri ne, yaya kamanninsa, kuma ina ya kai. Takardar nan ta amsa biyu, ta ukun sai an yi aiki." Ya fara da iri. Kansar shimfiɗar mahaifa ba guda ɗaya ba ce. Wadda ta fi yawa, kusan 8 cikin 10, ita ce endometiriyoyid, wadda ƙwayoyinta suke kama da na shimfiɗar da suka fito daga ciki. Akwai siros, wajen 1 cikin 10, akwai mai fararen ƙwayoyi garai-garai, akwai kasinosakoma mai haɗe da nama iri biyu, akwai kuma wadda ta rikiɗe har ba a gane asalinta. Waɗannan na baya duk masu zafi ne tun daga farko, ba a ma tsayawa raba su gida uku. Tun a 1983 wani likitan Rasha mai suna Bokhman ya kasa ciwon gida biyu, mai sanyi wanda yake tafiya da ƙiba da yawan sinadarin mata, da mai zafi wanda ba ruwansa da su. Ilimi ya wuce nan yanzu, amma har gobe likitoci suna ambaton rabon.

Sai ya zo kan G2, wato giredi na 2, awon kamannin ciwon, ya zana mana 'yan da'irori a jere. Ya ce lafiyayyiyar shimfiɗar mahaifa idan aka dube ta a madubi 'yan ramuka ne, kowanne an kewaye shi da ƙwayoyin halitta a tsare, kamar saƙar zuma. Ƙwayar kansa da ba ta yi nisa da asalinta ba tana ci gaba da gina ramukan nan, sai dai a cunkushe, a karkace, suna manne da juna. Wadda ta yi nisa kuwa ta daina gina rami, sai ta taru dunƙule guda. Abin da likitan gwaji yake aunawa ke nan, kashi nawa na tsiron ya toshe ya zama dunƙule. Idan bai wuce 5 cikin 100 ba, giredi na 1 ke nan, ƙwayoyin sun riƙe kamanninsu sosai. Daga 6 zuwa 50, giredi na 2. Idan ya haura 50, giredi na 3, sun bar kamannin asali, kuma su ne suka fi saurin cin bango da bazuwa. Akwai ƙari guda: idan cibiyoyin ƙwayoyin sun yi muni ƙwarai, manya-manya, baƙaƙe, kowace da siffarta, ana ɗaga giredin da ɗaya ko da ramukan suna nan. Ya ce yanzu ana haɗa na 1 da na 2 a kira su masu sauƙi, na 3 shi kaɗai a ɓangaren masu zafi. Ashe lambar da ta hana mu barci tana cikin ɓangaren da ake fata.

Mataki kuwa zancen wuri ne. FIGO da muka gani ƙungiyar likitocin mata ce ta duniya, ita take tsara giredin da matakin duka, shi ya sa sunanta yake fitowa a gaban kowanne ya rikita mutane. A tsarinta na 2009 wanda asibitoci da yawa suka saba da shi, mataki na 1 ciwon yana cikin jikin mahaifa, A idan bai ci rabin kaurin bango ba, B idan ya kai rabi ko ya wuce. Na 2 ya shiga naman bakin mahaifa. Na 3 ya fita zuwa jakar ƙwai, ko farji, ko kaluluwar ƙugu. Na 4 ya taɓa mafitsara ko hanji, ko ya tafi nesa irin huhu. An sabunta tsarin a 2023, aka shigar da irin ciwon da zafinsa cikin lissafin. Mace tana iya zama giredi na 3 a mataki na 1, wata kuma giredi na 1 a mataki na 3. Yaya ya tambayi abin da ya jawo. Likitan ya ce irin na Inna yana da alaƙa da sinadarin mata mai suna istirojin, wanda yake sa shimfiɗar ta yi kauri. Bayan daina al'ada jakar ƙwai ta huta, amma kitsen jiki yana ci gaba da samar da shi, ga shi babu ɗan'uwansa furojestaron da yake taka masa birki. Shi ya sa ƙiba, da suga, da rashin haihuwa, da jinkirin daina al'ada suke ƙara haɗarin. Inna dai tambaya ɗaya ta yi: "Likita, in an cire shi ke nan?" Ya ce, "Mama, muna sa rai da yardar Allah. Amma sai mahaifar kanta ta je ɗakin gwaji za mu san ko da saura."

Shirin tiyata ya fi tiyatar tsawo. Gwajin jini, na ƙoda, na suga, awon zuciya, hoton ƙirji, da babban hoton MRI don a ga zurfin tsiron. Aka ce mu kawo mutum biyu su ba da jini, 'ya'yan Kawu suka zo. Aka sa rana, aka ɗage saboda sugan Inna ya hau, sai da aka mayar da ita kan allurar insulin ya daidaita. Wajen kuɗi, tiyata da kayan aikinta su ne kan gaba, sai MRI, sai magunguna. Gwajin nama yana cikin mafi araha a duk abin da muka biya, kuɗin motar da muka kashe zuwa da dawowa ya ninka shi. Abin da ba a lissafawa shi ne abincin mai jinya da wurin kwana, in ba ka da ɗan'uwa a birni. Riɗin da muka noma ya tafi, awakin Inna suka bi, Yaya ya kai bijiminsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. A manyan asibitoci akwai ofishin walwalar marasa lafiya, ya kamata a neme shi tun da wuri, a je da takardar likita.

An cire mahaifar duka, da bakinta, da jakar ƙwai biyu da hanyoyinsu, da wasu 'yan kaluluwa. Inna ba ta farfaɗo ba aka leƙo aka kira mai jinya, aka miƙo mini farin bokitin roba mai murfi, da nauyi, warin fomalin yana tashi. Kawu, ƙanin Inna, ya tsaya a gabana ya ce, "Auta, wannan ai jikin mutum ne, cikin nan aka haife ku. A ba ni in kai gida a binne." Na ji maganarsa har cikin raina, domin gaskiya ce, kuma da mutunci ya faɗe ta. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Idan aka binne, an binne amsar ko za a ƙara mata wani magani ko ba za a ƙara ba." Ya yi shiru, sannan ya ce mu je tare. Shi ya ɗauki bokitin har teburin karɓa. A leƙa a tabbatar ruwan ya rufe naman, kuma a kai a ranar, domin sai an tsaga mahaifar fomalin yake ratsa cikinta, in an yi jinkiri shimfiɗar da ake son dubawa ita take fara lalacewa.

A gadon da ke kusa da na Inna akwai wata tsohuwa siririya, ta haifi 'ya'ya da yawa, ba suga, ba hawan jini. 'Yarta ta nuna mini takardarsu tana murna an ce tsiron ƙarami ne. Siros ne aka rubuta. Daga baya aka gaya musu bayan tiyata sai an yi mata ƙarin ruwan maganin kansa, saboda wannan irin yana iya bazuwa cikin ciki tun yana ɗan mitsitsi. Tsiron Inna ya fi nata girma, amma na Inna ya fi sauƙi. A nan na ga da idona cewa girman tsiro a hoto bai isa a yanke hukunci da shi ba.

Sakamako na biyu ya fi na farko daɗewa, ya kuma fi shi tsawo, shafi biyu. Likita ya bi mana shi layi-layi. Iri bai canja ba, giredi yana nan a 2. Ya ce wannan ma abin dubawa ne, domin bututun nan ɗan yanki yake ɗebowa, wani lokaci idan aka ga tsiron gaba ɗaya giredin yakan hau. Kaurin bangon mahaifa milimita 18, ciwon ya ci 11, ya wuce rabi ke nan. Ba a ga ƙwayoyin kansa a cikin ƙananan hanyoyin jini da na ruwan jiki ba, kuma wannan layi ne da ya kamata kowa ya nema a takardarsa. Bakin mahaifa, jakar ƙwai da kaluluwa duk ba a ga komai ba. Mataki na 1B. Sai ya ba da shawarar ƙarin rini na musamman a kan naman da ke cikin kaki, ba sai an sake taɓa Inna ba. Tun daga wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2013, aka gane ciwon ya kasu gida huɗu ta fuskar ƙwayoyin gado, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da wannan cikin rabe-rabenta na 2020. Rinin p53 yana tona ciwon da fuskarsa take da sauƙi amma halinsa mai zafi ne. Rinin MMR kuwa sunadarai huɗu ake nema, idan wani ya ɓace ana bincika ko akwai ciwon gado mai suna Lynch, wanda yake sa kansar hanji da ta mahaifa su yi ta bin dangi, ana kuma samunsa a wajen 3 cikin 100 na masu wannan ciwo. Ba kowane ɗakin gwaji yake da rinin a kowane lokaci ba, kuma kuɗinsa daban ne. Mun yi, duka biyun suka fito lafiya.

Saboda ciwon ya wuce rabin bango, ga kuma shekarunta sun haura 60, aka ce a yi mata gashi na ciki da hasken da yake ƙone ƙwayoyin kansa, wanda ake sa na'urar a saman farji inda ciwon ya fi son dawowa. Ba a buƙaci ƙarin ruwa ba. Cibiyoyin gashi a Arewa ƙalilan ne, irin su Zariya, Sakkwato, Gombe da Abuja, don haka a kira a tabbatar na'ura tana aiki kuma ana yin na ciki kafin a ɗauki marar lafiya a hau hanya. Abin da suka fara tambaya a can shi ne takardun gwajin nama guda biyu da bayanin tiyata. Zama kaɗan aka yi aka gama. Yanzu muna komawa duk bayan wata 3 zuwa 6, domin idan zai dawo ya fi dawowa a shekaru ukun farko. Inna tana nan, ta koma Islamiyya, an rage mata tuwon dare da lemon kwalba.

Duk macen da ta shekara ba ta ga al'ada ba sannan ta ga jini, ko ɗigo ne, ko ruwa mai ja, ta je asibitin da ke da likitan mata, kada a tsaya maganin sanyi. Idan za a yi wankin ciki, tun kafin a shiga a tambaya ina za a kai naman, a ce a sa shi a fomalin a ba ku. Haƙƙinku ne, kuma ba rashin kunya ba ne. Ina kira ga ma'aikatan ƙananan asibitocinmu da su ajiye fomalin da kwalabe, ba su da tsada. Kowace takarda a yi mata kwafi biyu a kuma ɗauki hotonta a waya, lambar ɗakin gwaji a rubuta ta a wuri fiye da ɗaya. Naman da ke cikin kaki ana ajiye shi shekaru, kuma da takardar likita ana iya karɓarsa a kai wani ɗakin gwaji ya sake dubawa idan ana shakka. Kada a sanar da dangi sakamako kafin likita ya karanta muku shi. Ga mace mai ƙuruciya da take son haihuwa, giredin nan yana da wani nauyin: idan endometiriyoyid ne na 1 kuma bai taɓa bango ba, akwai halin da likitoci suke gwada maganin furojestaron a jinkirta cire mahaifa, ana bibiya sosai, abin da ba a yi da irin mai zafi.

Bayan an sallami Inna, Yayarmu mace, mai shekara 48, ta ja ni ɗaki ta ce ita ma al'adarta ta rikice, tana zuwa da yawa tana daɗewa, ga ta da jiki ga suga. Muka kai ta aka ɗibi naman da bututun nan. Nata ba kansa ba ce, kaurin shimfiɗa ne kawai, ramukan sun yi yawa amma cibiyoyin ƙwayoyin ba su canja ba. Likita ta ce wannan layin shi ne abin dubawa. Kauri marar canjin ƙwayoyi, ƙasa da 5 cikin 100 ne suke zama kansa ko bayan shekara 20. Mai canjin ƙwayoyi kuwa, idan aka cire mahaifar akan tarar da kansa ta riga ta fara a kusan 4 cikin 10. An ɗora ta a kan furojestaron, an ce ta rage jiki, za a sake ɗibar naman bayan wata 6.